Yayata Ba Mayya Ba Ce

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, yau kuwa kwana goma sha ɗaya ke nan da Yayata ta riga ni komawa. Da hantsi ta cika, kafin azahar mun kai ta. Matar da ta karɓi haihuwar rabin Fagge, da wasu da dama a Sabon Gari, sahu biyu da ɗan ɓari aka yi mata. Na sani don na waiga kafin Liman ya tayar da kabbara, Allah Ya yafe mini.

A wurin zaman makoki ma haka aka yi. Mutum zai zo ya ce "Ya haƙuri?" da rabin baki, ya ɗosana a gefen tabarma, kafin ka amsa ya miƙe kamar cinnaka ya cije shi. Mata suna tsayawa a zaure su miƙa gaisuwa daga nesa. Wata mai goyo na ga ta juya bayanta tana shiga da gefe, don kada fuskar yaron ta kalli ɗakin mamaciya. Wani dattijo da muka yi shekara arba'in muna sallah tare ya shafa addu'a, ya ce, "To, Allah Ya sa dai ta samu ta tuba."

Na ce, "Malam, tuba daga me?"

Sai ya hau neman takalminsa, alhali yana ƙafarsa.

Mai shayin bakin tasha ne ya yi mini gwari-gwari. Ya ce, "Baba, ba za su faɗa a gabanka ba. Cewa ake ta tona kanta." Duk wanda ya tashi a nan ya san fassarar wannan. In tsohuwa ta kusa tafiya ta kama lissafa yaran da suka mutu, sai a ce mayya ce, kurwar da ta cinye take amayarwa. Yaya kuwa shekara biyu ta yi tana zama a bakin ƙofa tana lissafi da yatsu: ɗan gidan mai gawayi, 'yar matar direba, tagwayen bayan masallaci.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da na gudu daga makaranta a aji uku na koma tasha ina tura baro, daga baya na ƙare a facin taya. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da guduma. Amma abin da zan faɗa a miƙe yake.

Wurin haihuwata uwarmu ta rasu, Yaya tana da shekara goma sha biyu. Ita ta goya ni, ita ta ɗura mini koko, ita ta fara marina. Takan ce ni ne jaririn farko da ta gani, kuma duk yawan waɗanda ta karɓa daga baya ba ta sake cin karo da mummuna irina ba. Har na yi furfura ba ta kira ni da wani suna sai Auta. Ranar da na kai mata matar da zan aura ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Yarinya, kin duba shi da rana kuwa?"

Ungozoma ce, kuma ba ta wasa da aikin. Kullum kwandonta a shirye yake a bayan ƙyaure: sabuwar reza, zare, sabulu, tsumma wankakke. Ɓarin goro a kunci, mayafi a kafaɗa, in ta kama hanya sai ka yi sassarfa kafin ka cim mata. Ba ta tambayar addini ko yare. Matan Sabon Gari, da masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, duk ta shiga ɗakunansu. Maganarta ɗaya ce ga mai naƙuda: "Nishi ake yi, ba kuka ba. Kukan ki bar wa wanda zai fito." Mazan da ke safa da marwa a ƙofar gida kuwa takan ce musu, "Kai da ka gama naka aikin tun wata tara, je ka nemo itace."

Akwai wani ɗan kasuwa da matarsa ta kwana biyu tana naƙuda. Yaya ta ce wannan ta fi ƙarfinta, sai asibiti. Ya ce a gidansu ba a haihuwa a gaban maza, ya saka hula ya tafi kasuwa. Yaya ta bi shi har Kwari, ta haye kan dilar atamfarsa ta miƙe ƙafa. Duk wanda ya tsaya taya yadi sai ta ce, "Sayi da sauri, mai shagon zai tafi sayen likkafani biyu." Ba a yi rabin awa ba ya nemo mota. Yaron da aka ciro ranar yanzu shi ke tuƙa A Daidaita Sahu a layinmu. Bai zo jana'iza ba.

Shekarun baya ta kama rama da tari wanda ya ƙi jin magani. Na ɗora ta a tsohon babur ɗina muka je asibiti. Da ta fito ta ja ni gindin wata darbejiya, ta tofar da goronta, ta ce, "Auta, ƙanjamau ne."

Na ce, "Yaya, ta ina?"

Ta ce, "Shekara talatin hannuna yana cikin jinin mutane ba safar hannu. An taɓa ƙara mini jini. Mijina kuma ya tafi kabari da nasa labarin. Zaɓi wanda ya yi maka, ni ban tambayi Allah ta wace ƙofa ba." Sannan ta riƙe kunnena, a gaban masu jinya, ni da jikoki. "Rantse ba za ka faɗa wa kowa ba. Ko 'ya'yana."

Na rantse da Allah. Da kunnenka ne a hannun Yaya kai ma da ka rantse.

A makon nan ta sauke kwandon daga bayan ƙyaure, ba ta ƙara taɓa reza ba. Ta ce gwiwa ce ta hana ta durƙuso. Mutane suka ce girman kai ne, tunda ɗanta ya je Makka ya dawo Alhaji. Ta bar su suna faɗa. Sai ta ɓullo da wata sabuwar fitina: duk mai cikin da ta gani sai ta tasa ta a gaba zuwa awo, a ɗebi jininta a gwada. In miji ya hana, ta je ta zauna masa a wurin sana'a, kun dai san halinta. Waɗanda ta karɓi haihuwarsu a shekarun ƙarshe ta bi su gida-gida da dabara, wannan ta ce idonta ya yi fari, waccan ta ce yaronta ba ya ƙiba, har sai da ta ga an gwada kowa. Ranar da ta ƙarshe ta fito lafiya, Yaya ta saya mini tsire. Shi ne karo ɗaya a rayuwata da ta ba ni abu ba ta haɗa da zagi ba.

Maganin kuwa tare muke karɓowa. Sai ta juye ƙwayoyin a tsohon gwangwanin madara, ta jefa kwalbar asibitin a kwandon sharar rumfata. A gida sunansa maganin gwiwa. Ta murmure, ta yi ƙiba har ta fi ni, muka yi shekara da shekaru a haka. Ni har na fara mantawa akwai wani abu.

Abin ya shigo ne a hankali. Matar da ba a cim mata sai ga shi ina tsayawa ina jiran ta a hanya. Kofi yana suɓuce mata. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ka yi mata tambaya, sai ka gama ɗaure taya kafin amsa ta fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na zo da riga a birkice ta kalle ni ba ta ce komai ba. Na buɗe gwangwani na tarar da ƙwayoyin wata guda cif, ba a taɓa ba. Mantawa take yi, kuma duk gidan ba mai tuna mata, don wa zai tayar da hankalinsa a kan maganin gwiwa?

Ɗanta Alhaji ya ɗauke ta ya kai gidansa a Kwaciri. Ba zan ci zalinsa ba, yana son uwarsa, ya ba ta ɗaki mai fanka. Sai dai wani mai magani da aka kawo ya ce iska ce, ta kwaso ta a ɗakunan haihuwa, kuma ƙwayar asibiti tana ƙara fusata mutanen ɓoye. Aka zubar da gwangwanin, aka kama hayaƙi da shafe-shafe. Ina tsaye aka yi. Kalma ɗaya ce za ta hana, tana bakina, rantsuwa ta danne ta.

Sai na yi irin dabarar marasa ilimi. Na karɓo wani maganin, kullum in daka ƙwaya a rumfa in ƙulle a takarda, in sayi fura in kai mata, in faki ido in barbaɗa. Kwana tara ina cin nasara. A na goma Alhaji ya shigo ya same ni tsugune ina kaɗa farin gari a furar uwarsa.

Ya ce, "Kawu, mene ne wannan?"

Na ce, "Sukari."

Ya lakata ya ɗanɗana, fuskarsa ta tattare. Ya ce, "Ashe kai ne. Muna ta neman wanda ya yi mata asiri a waje, ashe yana cin tuwo da mu."

Ni da ko layar kaina ban taɓa iya ajiyewa ba ta ɓata ba, ranar na zama boka. Aka hana ni shiga gidan. Wata biyar ina zagaya layin kamar karen da aka canja wa gida.

Wadda ta cece mu ita ce Iya, aminiyar Yaya, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari mai sayar da kwanuka. Yaya ce ta karɓi 'ya'yanta shida. Ban gaya mata komai ba, na dai ce asibiti nake so a kai ta. Iya ta ce, "Baba Faci, kai dai tanadi mai a babur, ka ɓuya a bayan gidan mai." Ta ci ado ta ɗaura gwaggwaro, ta je ta ce wa Alhaji jikarta ta haihu, kuma ba za a raɗa suna ba sai ungozomar gidan tana zaune. Wa zai yi musu da Iya? Haka muka sace tsohuwa da rana tsaka, tana tsakiyarmu a kan babur, ba ta san ni ba, ba ta san Iya ba.

Likitar wata 'yar Zariya ce, da ɗan kuros a wuyanta, Hausarta ta fi tawa. Ta duba katin Yaya, ta dube ni, ta yi mini faɗan da tun na Yaya ban sha irinsa ba. Da ta huce na ce, "Likita, ni abu ɗaya nake so in gane. Ciwon jini ne aka ce. Me ya kai shi ga hankali? Ƙwayar cutar ce take cin ƙwaƙwalwar?"

Ta ce a'a, ba ita take ci da bakinta ba. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa Allah Ya ajiye wasu ƙananan halittu masu gadi da shara. Cutar cikinsu take shiga ta ɓuya. Su kuma in sun ji baƙo sai su riƙa fitar da wani sinadari, wanda shi ne kururuwarsu ta neman ɗauki. Ta faɗi sunansa da Turanci, na ce ta bar shi, ba zai zauna a bakina ba. Ta ce wannan sinadarin yana kiran wasu masu gadin, su ma su zo su fitar da nasu, wurin ya kumbura ya yi zafi. In na kwana biyu ne, taimako ne. In ya ƙi tsayawa wata da watanni, shi ne yake lalata siraran jijiyoyin da mutum yake tunani da su, da waɗanda suke riƙe hannu da ƙafa.

Na ce, "Tsaya in gani ko na gane. Kamar gobara ce a kasuwa. Wuta a shago ɗaya take, aka yi ihu, jama'a suka cika layi, 'yan kwana-kwana suka saki ruwa. In an wayi gari sai ka ga kayan da ruwa da tattaki suka ɓata sun fi wanda wuta ta ci."

Ta ce, "Baba, wa ya ce ba ka yi makaranta ba? Sai dai a nan masu ihun ba sa komawa gida." Ta ce maganin shi ne yake danne cutar har masu gadin su lafa, ko da yake a wasu mutanen, ko suna sha, abin yana ɗan ci a ƙasa-ƙasa. Da aka daina sha kuwa sai aka sakar musu fili. Wani abin zai dawo, wani ya tafi ke nan. Sannan ta ce dole a samu wanda zai riƙa ba ta a kan lokaci, dole 'ya'yanta su sani.

Na ce, "Ni na rantse ba zan faɗa ba. Amma ke, Likita, ban ji kin rantse ba."

Ita ta zaunar da Alhaji da ƙanwarsa ta gaya musu. Alhaji bai ba ni haƙuri ba, amma washegari ya aiko mini da shadda yadi biyar, na karɓa a matsayin haka.

Muka mai da ita ɗakinta na Fagge, 'yarta ta dawo kusa da ita. Bayan wata huɗu, ina miƙa mata ƙwaya da ruwa, ta ƙura mini ido ta ce, "Auta, har yanzu ba ka koyi wanke wuya ba?" Na fita zaure na yi kuka kamar an ba ni kujerar Makka. Ta dawo tana gane mutane, tana cin abinci da hannunta, tana sallah ko da raka'o'in suna ruɗe mata. Amma akwai abin da bai dawo ba. Ciwon ya cire wa bakinta ƙyaure, abin da ke ciki sai ya fito.

Ga abin da ke cikin. Duk jaririn da ya mutu a hannunta, Yaya ba ta taɓa yar da shi ba. Tun ina saurayi na san kowace Juma'a bayan la'asar takan zauna a kan abin sallah ta bi su ɗaya-ɗaya a zuci, ta roƙa wa iyayensu haƙuri da madadi. Iyayen ma wasu sun haifi goma daga baya sun manta, ita ba ta manta ba. Addu'ar da ta yi shekara hamsin tana yi a ɓoye ita ce ta fito bakin ƙofa, ku kuka ji kuka ce tonon asiri ne.

Ranar sadakar uku na ja Alhaji gefe. Na ce, "Ka ji abin da ake faɗa a kan uwarka?"

Ya ce, "Na ji, Kawu. Maita magana ce, iska za ta kwashe ta. Wancan kuwa in ya fita, manne mana zai yi. Ina da abokan ciniki, ina da surukai."

Ƙanwarsa tana bayan labule ta ce, "Yaya Alhaji, ai an ce a nono ake shan maita. Jiya maƙwabciyata ta janye 'yarta daga wasa da tawa. Kawu, in za ka faɗa ka faɗa, ni na yafe."

Alhaji ya ce in na buɗe baki babu shi babu ni. Na ce wata biyar na taɓa yi babu shi, ban rame ba.

Ranar addu'ar bakwai, da Liman ya shafa, kafin a miƙe na tashi tsaye. Na tuna mai cewa nishi ake yi. Na ce, "Jama'a, Yayata ba mayya ba ce. Ƙanjamau ne ya kama ta, ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, kuma ya samu hanya ne saboda ni na yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana." Na ba su labarin masu gadi da gobara yadda na iya. Na gaya musu dalilin da ya sa ta ajiye reza, da dalilin da ya sa ta addabi matansu da zuwa awo. Na ce wanda matarsa ta haihu lafiya a hannun matar nan ya ɗaga ido ya kalle ni.

Ba su da yawa waɗanda suka ɗaga. Wani da ya ɗauki makara na ga yana duba tafin hannunsa, na ce masa ya kwantar da hankali, ba ta nan ake ɗauka ba, ni shekara nawa ina cin sauran tuwonta ga ni nan sai baƙin hali. Wani ya yi dariya ya haɗiye. Alhaji ya tashi ya shiga mota.

Liman ya kira ni. Ya ce, "Ka rantse mata da Allah?" Na ce na rantse. Ya ce, "To ka karya, sai kaffara: ka ciyar da miskinai goma. Waɗanda suka jefe ta da abin da ba su gani ba kuwa, nasu ba tuwo ne yake wanke shi ba." Ya faɗa da ƙarfi yadda na bayan tabarma za su ji, Allah Ya saka masa.

Na san ba ta ba ni izini ba. In mun haɗu za ta kama kunnen nan, na kuma shirya. Zan ce mata, Yaya, na riƙe miki sirri har ya kusa kashe ki, ban ga dalilin da zan riƙe shi ya kashe sunanki ba.

Mayunwata goma ba wuyar samu suke ba, in na leƙa tasha kafin in ƙirga yatsuna sun cika. Amma ni 'yan unguwa nake so, kuma a layinmu in ka cire Alhaji kowa miskini ne. Jiya na sa 'yar Yaya ta ɗora tuwo a tukunyar uwarta, aka zuba a kwanukan Yaya, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar da take zama, na aika gida-gida. Iya ce ta fara zuwa, ta zauna a zaure da kwanonta tana cewa miyar ba yaji. Mai shayi ya zo. Mai gawayi, wanda ɗansa yake farkon lissafi, ya daɗe a tsaye, sannan ya wanke hannu ya zauna, ya ci har ya suɗe kwano. Zuwa la'asar mutum bakwai suka ci. Sauran suna leƙe ta katanga.

Na tambayi Liman ko bakwai ta wadatar, ya ce goma aka ce. Na ce madalla. Allah Ya ji ƙan Yaya, Ya karɓe ta da hannu mai taushi kamar yadda ta karɓi 'ya'yan mutane, Ya haɗa ta da yaran da take lissafawa su shaide ta. Ku kuma na bayan katanga, saura mutum uku, itace bai ƙare ba, ni kuma ba ni da wani aiki sai faci. Tukunyar tana kan wuta.